Ladi Kwali, Maginiyar Tukwanen da ke Bayan Murtala

Babu ɗan ƙungiyar nan da ya taɓa tsallaka iyaka da kaya, ko ta Jibiya, ko ta Illela, ko ta Maigatari, da bai riƙe takardar naira ashirin ba, wadda kowa ke ce wa murtala saboda hoton Janar Murtala Muhammad da ke gabanta. Mun ƙirga ta, mun ɗaure ta da roba, mun miƙa wa 'yan dako da yaran mota, mun canza ta da sefa. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka juya bayanta suka duba da kyau. Akwai wata mata a wurin, ta duƙufa kan aikin tukunya. Sunanta Ladi Kwali. A bayan naira goma ma akwai mata, 'yan Fulani masu tallar nono, sai dai su ba wanda ya san sunansu. Ladi ce kaɗai macen da aka sa a kuɗin Nijeriya don ita kanta, kuma abin da ya kai ta can yumɓu ne.

An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, mutanen da ke kiran kansu Gbagyi. Direbobinmu masu bin hanyar Abuja zuwa Lakwaja sun san garin, yana gaba da Gwagwalada kafin a kai Abaji. Ladi suna ne irin namu na rana, na yarinyar da aka haifa ran Lahadi, Kwali kuwa sunan garin ne ya bi ta. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana ƙarama aka sa ta koyon ginin tukwane a hannun wata 'yar uwar iyayenta, domin a ƙasar Gwari wannan sana'ar mata ce, ba kamar wasu garuruwan ƙasar Kano ba inda za ka tarar da maza a kanta.

Ya kamata a tsaya a kan yadda matan Gwari ke gini, don duk abin da Ladi ta zama daga nan ya taso. Ba keke, ba inji, ba ma'auni. Mace za ta kwaɓa yumɓu mai tsakuwa-tsakuwa, ta ɗauki curi guda ta aza a kan mazauni, ta nausa dunƙulen hannu a tsakiya ta yi rami, sannan ta riƙa jan gefen sama da yatsu. In yumɓun ya ƙare sai ta mulmula wani kamar igiya mai kauri ta ɗora, ta murje shi ya haɗe da na ƙasa. Tukunyar ba ta motsi. Maginiyar ce ke zagaya ta a sunkuye, tana tafiya da baya, hannu ɗaya ciki, ɗaya waje. Da sakaina da ɗan katako take kankarewa da gyara ciki da baki. Wanda bai taɓa gani ba zai yi tsammanin abin zai fito a karkace, amma randa ce za ta tashi da ciki zagayayye kamar an auna, bangonta siriri, ga ta ba nauyi.

In ta ɗan sha iska sai a yi ado. Ana mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan sassaƙaƙƙen itace a jikinta ya bar sawu layi-layi, a raba jikin gida-gida, sannan a zana dabbobi da bakin wani abu mai kaifi: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Daga nan sai gashi. Ana jera tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci an gama. Tun suna da zafi ake yayyafa musu ruwan ɓawon ɗorawa, wato makuba ɗin nan da ake daɓe da ita a gidajenmu, ta ba su duhu da ƙarfi.

Irin wannan wuta ba ta narkar da yumɓu ya toshe. Jikin tukunyar na nan da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma amfaninta ke nan. Ruwa na tsattsafowa ta jikin randa, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi. Tsakuwar da ke cikin yumɓun kuma ita ke sa tukunya ta hau murhu, wuta ta dake ta gefe guda, ba ta tsage ba. Iyayenmu mata daga Mirya ta Damagaram har Bubon ta bakin kogin Kwara sun san wannan a aikace. Ku riƙe maganar ƙofofin nan, za mu dawo kanta.

Ladi ta yi fice tun tana budurwa. Danginta sun ba da labarin cewa sau da yawa tukwanenta kan ƙare tun ba a kai su kasuwa ba, kuma duk ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi. Labari ya kai fada. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, ya sayi tukwanenta ya ajiye a gidansa don ado. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda Haɓen Zazzau suka kafa bayan sun baro Zariya, garin da yau ake kira Suleja. A gidan sarkin ne wani Bature ya gan su a 1950.

Baturen nan, Michael Cardew, shi ma magini ne, ɗan Ingila, almajirin Bernard Leach. Ba baƙon Afirka ta Yamma ba ne. Tun 1942 yake Ghana, ya riƙe masana'antar tangaran ta makarantar Achimota, da aka rufe ta ya koma garin Vume a bakin kogin Volta ya kafa tasa, ya sha wahala da rashin lafiya da asara, ya koma gida a 1948. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane a ma'aikatar ciniki da masana'antu. Ya zaga ƙasar yana duba yumɓu da itace da ruwa, ya tsayar da shawara kan Abuja, inda aka buɗe cibiyar koyar da ginin tangaran a farkon shekarun 1950. Wani yaronsa na Vume, Kofi Athey, ya biyo shi daga Ghana ya zama na hannun damansa. Ke nan tun farko aikin bai tsaya cikin ƙasa ɗaya ba.

Abin da ya kamata a yaba wa Cardew shi ne bai raina tukunyar gargajiya ba. Ra'ayinsa shi ne randa da tukunyar dahuwa ta matan ƙauye ba su bukatar gyaran kowa. Nufin cibiyar daban ne: a koya wa samari yin faranti da kofi da butar shayi da kwanon miya masu ƙyalli, daga ƙasar gida, don ma'aikata da 'yan kasuwar birni su daina dogaro da na shigowa. Maza aka fara ɗauka, Hausawa da Gwarawa. Sai a 1954 Ladi ta shiga, mace ta farko, tana kusa da shekara talatin, kuma gwana ce riga a sana'arta. Ba ƙaramin abu ba ne mace mai suna a kasuwa ta yarda ta koma ɗaliba a cikin samari.

A can ta koyi gini a kan keke, faifan nan mai juyawa da ake turawa da ƙafa. Ta koyi shafen gilashi, wanda shi ne ke raba tangaran da tukunya. Ba wani siddabaru ba ne. Ana niƙa dutse ya zama gari, a haɗa da tokar itace da yumɓu mai laushi, a dama da ruwa kamar kunu, a tsoma kayan a ciki. Sannan a shirya su cikin akwatunan yumɓu da ke kare su daga harshen wuta da toka, a jera a tanderu, a yi ta zuba itace fiye da wuni guda har zafi ya haura digiri 1200. A wannan zafi shafen na narkewa ya zama gilashi, yumɓun kansa ya toshe ya yi tauri kamar dutse, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Launi kuwa yawanci daga sinadarin ƙarfe yake, wanda ke cikin ƙasar. In an rage wa wutar iska ta yi hayaƙi, ƙarfe kaɗan na ba da kore mai duhu-duhu, mai yawa kuma ya ba da ruwan ƙasa har zuwa baƙi. Shi ya sa kayan Abuja suke da wannan duhu mai zurfi da masu saye suka san su da shi. Kuskure kaɗan wajen haɗi ko wajen wuta, aikin makonni ya lalace a dare ɗaya.

Ladi ta iya keke sosai. Ta yi faranta da kwanoni da kofuna da tuluna ƙanana. Takan tsoma kwano cikin ruwan jar ƙasa ko farar ƙasa, kafin ya bushe ta ɗauki ƙayar beguwa ta zana ƙadangarenta ko kifinta, launin ƙasan ya bayyana ta cikin zanen. Amma ba waɗannan suka fitar da sunanta duniya ba. Manyan randunan Gwari ne, waɗanda ta ci gaba da ginawa da hannu, tana zagayawa kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun cibiya mai jure babbar wuta. Ta zana dabbobinta, a cike sawun zanen da farar ƙasa, a shafe da gilashi mai ɗan haske, a gasa a tanderu. In ta fito sai ka ga farin zane yana leƙowa ta ƙarƙashin kore mai duhu, kamar abu a ƙasan ruwa. Kafin wannan ba a saba ganin irinta ba, a Afirka ko a Turai.

To, a nan ne maganar ƙofofin ta dawo. Randar da aka shafe da gilashi ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyi ƙwarai, ba macen da za ta ɗauke ta zuwa rafi, ko da a kafaɗa ne kamar yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Ba ta hawa murhu, wuta za ta fasa ta. Kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matar da aka ƙirƙiro siffar dominta. Wato ranar da randar Ladi ta fi kyau, ranar ta daina zama randa. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan wannan, wasu na ganin an ɗaukaka aikin matan ƙauye, wasu na ganin an cire shi daga gidansa an kai ɗakin baƙi. A ganina duka biyun gaskiya ne, kuma ban ga dalilin ɗora wa Ladi laifi ba. Mai sana'a ce ta sami sabon kayan aiki da sababbin masu saye, ta yi musu abin da ba wanda ya iya sai ita. Matan Kwali kuma ba su fasa gina tasu mai sanyaya ruwa ba.

Ta fuskar ciniki, wanda shi ne namu, lissafin gwamnati bai fita ba. An so ma'aikaci da ɗan kasuwa su sayi farantin gida, amma a daidai lokacin kwanon samira da tasa da langa sun cika kasuwanni daga Kano har Maraɗi, daga baya tukunyar alminiyam da roba suka biyo. Ga araha, ga rashin nauyi, in sun faɗi sai dai su lotsa. Uwar amarya mai jere ta san abin da take so a bango, kuma ba baƙin faranti mai nauyi ba ne. Duk wanda ya taɓa loda tangaran a bayan mota ya bi hanya mai gargada ya san sauran bayanin: kaso nawa zai isa lafiya, nawa za a zubar, wa zai biya. An buɗe ƙananan masana'antu a Sakkwato da Kano don ɗaliban da suka gama, ba su ɗore ba. Masu sayen kayan Abuja na gaske sai suka zama Turawa ma'aikata da manyan jami'ai da baƙi masu neman tsaraba. Kaya ne masu kyau da aka yi wa kasuwar da ba ta nema ba, sai wata kasuwar can nesa ta karɓa.

Wannan kasuwa ta nesa ita ce Landan. An baje kayan Abuja a wani gidan nuni mai suna Berkeley a 1958, da 1959, da 1962, aka kuma kai su Faris. Randunan Ladi ne suka fi jan ido, kuma sunan da cibiyar ta yi a waje ya taimaka mata ta ci gaba da tsayuwa a gida. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila, ta yi gini a gaban malamai da ɗalibai a makarantun fasaha da kuma Wenford Bridge, masana'antar Cardew. Ta je Faransa da Jamus. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew da Kofi Athey. Abin da take yi a ko'ina ɗaya ne: a ajiye mata curin yumɓu, ta sunkuya, ta fara zagaye, kafin 'yan kallo su ankara randa ta tashi. Mutanen da suka yi shekaru suna karantar sana'ar a jami'a suna tsaye suna kallon matar da ba ta taɓa zama a aji ba. Ba ta bukaci tafinta sosai ba, gani ya kori ji.

Lambobin girma suka biyo baya. Ingila ta ba ta MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, shi ya sa za ku ji ana cewa Dakta Ladi Kwali. A 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da Nijeriya ke ba masana da masu fasaha, a 1981 kuma aka ba ta OON. Wanda ya lura da jerin shekarun zai ga na waje ne ya riga na gida, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma a yi adalci, Sarkin Abuja ya riga kowa ganewa, matan kasuwar Kwali kuma sun riga sarki.

Akwai wani aikinta da ba ya cikin lambobin. Shigarta cibiya ta buɗe wa mata ƙofa. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, wasu mata huɗu sun biyo sawunta: Halima Audu, Lami Toto, Asibi Ido da Kande Ushafa. An ware musu wurin da suke gina manyan randuna da hannu, Ladi na gaba, ta zama malama a inda ta shiga ɗaliba. Michael O'Brien ya karɓi riƙon cibiyar bayan Cardew. A 1974 wata yarinya 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta. Yau tana cikin manyan maginan duniya, kuma har yanzu da hannu take gini, ba shafen gilashi, sai gugar jiki har ya yi sheƙi. Hannun Kwali ya sake tsallaka wata iyakar ke nan.

Garin ma ya sauya suna Ladi na cikinsa. A 1976 gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Kwali ta faɗa cikin yankin babban birnin. A farkon shekarun 1980 aka sa wa cibiyar sunan Ladi. Cardew ya mutu a 1983, ita kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984, ba ta ga ƙaurar gwamnati zuwa sabuwar Abuja a 1991 ba, birnin da yau yake da titi mai sunanta.

Bayan rasuwarta cibiyar Suleja ta yi ta ja da baya, tanderu ya huce, gine-gine suka tsufa. Sai dai irin ya yaɗu. Mutanen da suka sami horo ta hanyar Abuja sun kafa masana'antu a Minna da Maraba kusa da Kaduna da Bwari, ana yin tangaran mai shafen toka da garin dutse. A Ushafa akwai cibiyar mata masu ginin gargajiya, wadda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyenta a shekarar 2000. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabuwar naira ashirin ta leda da hoton Ladi a baya. Mutumin da ya sa aka ɗauke wa garinta na aiki suna yana gaba, ita tana baya, takarda ɗaya.

Yau murtala ba ta sayen abin kirki, 'yan canji ma ba su cika son ƙirga ta ba. Randunan Ladi kuwa suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a Washinton, waɗanda suka rage a hannun mutane kuma in sun fito gwanjo a Ingila dubban fam ake bugawa. Ba duka ne suka fita waje ba. Tsofaffin ma'aikata da sarakuna da 'yan kasuwa na wancan zamani sun saya, wasu an ba su kyauta, kuma kaya irin wannan kan bi gado ya ƙare a bayan kabad ko a hannun 'yan gwangwan. Kayan cibiyar na da hatimi da ake dannawa a gindi tun yumɓu na ɗanye, sunan Abuja da rubutun ajami, kusa da shi kuma alamar wanda ya gina. Ta Ladi haruffa biyu ne na boko, L da K. Wanda ya ci karo da baƙin faranti mai nauyi ko tulu mai zanen ƙadangare a cikin tsofaffin kaya, ya kifa shi ya duba gindin kafin ya yi masa kuɗi.